Zumar da Ta Yi Kumfa

Shekarun baya can, lokacin tutar ƙasarmu ko koɗewa ba ta fara yi ba, na samu aiki a Dogon Dutsi, a ma'aikatar kula da lafiyar dabbobi. Da ka ji ni ina ba da labari a ƙauyenmu a wancan zamanin, sai ka rantse ni ne likitan. Gaskiyar magana kuwa, wanke kwalabe nake yi. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofis inda ake duba jinin shanu, to ni da wani abokin aikina mu ne masu wanke ƴan kwalaben gilashi da allurai in an gama da su. Amma tun da an ba ni farar riga mai aljihu, ina kuma jefa Faransanci jefi-jefi, har tafiyata sai da ta canza.

Shugabanmu wani mutumin Dahomey ne, gajere, mai faɗan tsiya. Ranar da muka fara aiki ya jawo wani bido, wato jarka ta ƙarfe, daga ƙarƙashin tebur ya buɗe mana. Abin da ke ciki ruwa ne mai kauri, ja-ja, in ka karkata shi a hankali yake zuba yana jan zare, kuma kusan ba shi da wari. Cokali guda a bokiti, kumfa sai ta zubo ƙasa, duk maiƙo da busasshen jinin da ya kama gilashi sai su saki. Ya ce mana wannan sabulu ne, amma ba na jikin mutum ba. Ba a taɓa shi sai da safar hannu ta roba da tabarau, ba a juye shi a wani mazubi, ba ya fita daga ɗakin nan. Ya ce abin da yake yi wa maiƙon kwalba shi yake yi wa fata, shi yake yi wa ido. In ya shiga idon mutum kada a murza, kada a sa komai, ruwa kawai za a yi ta zubawa har hannu ya gaji, in ya gaji wani ya karɓa. Na gyaɗa kai kamar ƙadangare, a raina ina cewa mutumin nan da son girmama abu yake, sabulu ai sabulu ne.

Sai na ɗan koma baya in gaya muku yadda gidanmu yake, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba.

Ni ɗan fari ne. Ƴan zamanin nan ba za ku gane nauyin wannan kalma ba, ku da iyayenku mata ke rungumarku a tasha. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta ɗaga ido ta dube shi. A ɗakin kakata na tashi. In na shiga gaida mahaifiyata, ni ina kallon ƙasa, ita tana kallon bango, a haka za mu gaisa. In tana da saƙo gare ni, ko muna gida ɗaya, sai ta ba wanta, wato kawuna, shi ya kawo mini. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake auna mace mai tarbiyya.

Mahaifiyar tawa tana zaune a ƙauyenmu, can gefen hanyar Ɗan Kassari. Idonta na hagu ya daɗe da yin yana, ya yi fari, ba ta gani da shi. Na daman shi ne dukiyarta. Da shi take tsince tsakuwa a hatsi, da shi take zura zare a allura, da shi take saƙar faifan da duk yankin aka san ta da su.

Wani zuwa da kawu ya yi cin kasuwa, muna zaune a zaure ya ce mini, "Uwarka ta ce in ka samu zuma mai kyau, wadda ba a haɗa da komi ba, ka aiko mata. An ce tana maganin ido." A lokacin kowa ya yarda da haka, ana ɗiga zuma a ido da gashin kaza. Na ce to, na riƙe a raina. Ban gaya wa matata ba, don maganar a zaure aka yi ta, tsakanin maza.

Matata kuwa a lokacin amarya ce, ɗiyar wani ɗan kasuwa a cikin gari. Tun kafin a kawo ta ƴan ƙauyenmu ke ta gunaguni wai ƴan matan birni ba su da kunya. Maganar ta kai kunnenta, ita kuwa ta ci alwashin sai ta nuna musu ko a ƙauyen ba a yi mai kunyarta ba. Gida ɗaya muke haya da abokin aikin nan nawa da matarsa.

Da bazara aka tura mu yawon yi wa shanu allura a rugagen wajen Dumega. A can na samu zuma a wurin wani dattijo, da saƙarta da komai, na tace da kaina na cika ƴar kwalba. Na dawo gida wata rana da hantsi, ina jin kaina ɗa na gari. Matata ta kawo mini ruwa, ta zauna tana ta murmushi, alamar tana da labari.

Ta ce, "Jiya Kawu ya zo kasuwa. Inna ta aiko muna da man shanu cikin kwalba."

Na ce, "Madalla. Kin dai maida mata kwalbarta?"

"Na juye man, na maida."

Don in tsokane ta na ce, "Wayam?"

Ta riƙe baki. "Haba! Ni za ni maida kwalbar Inna wayam? Mi za a ce da ni? Na cika mata ita da sabulun nan naku."

Kun san al'adar, in an aiko maka abu a mazubi ba ka mayar da shi ba komai, ko ƴar gyaɗa ce ka zuba. Wannan daidai ta yi. Abin da ban gane ba shi ne sabulunmu. Na ce wane sabulu namu? Ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwanin madara, ta miƙo mini tana alfahari. Ina leƙawa na gane abin da ke ciki. Ashe ranar da za mu fita daji abokin aikina ya ɗebo wa matarsa daga bidon nan, don ya ga tana wahala da wanki, ita kuma ta sam wa tawa. Kwana da kwanaki suna wanki da shi, unguwa duk ana zuwa kallon kumfa. Sai a lokacin na lura da hannuwanta, sun yi ja, fatar tsakanin yatsu tana saɓulewa.

Na ce, "Kin hwaɗa mishi ko mine ne a ciki?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Wa? Kawu? Ni in buɗe baki gaban Kawu? Durƙusawa niy yi, na aje ƙunshin gabanai, na koma ɗaka. Ai da ta taɓa ruwa za ta gane sabulu ne."

Na dubi gwangwanin, na dubi kwalbar zumar da na fito da ita daga jaka na ajiye a kan tabarma. Launi ɗaya, kauri ɗaya. Mace ta aika ɗanta ya nemo mata zumar ido, ga wanta ya dawo daga gidan ɗan nan da kwalba cike da abu ja mai jan zare, ba wanda ya ce mata uffan. Me za ta ce wannan?

Ban san lokacin da na bar gidan ba. Abin da na sani kawu da jaki yake tafiya, kuma ya saba kwana a hanya wurin wani amininsa, ya tashi da safe. In Allah ya taimake ni zan iya shan gabansa. Na tsaya bakin hanya har wata motar ɗaukar gyaɗa ta zo, na haye baya. Direban nan, Allah ya jiƙansa in ya mutu, bai bar abin tsayawa ba. Ya tsaya ya zuba wa mota ruwa, ya tsaya ya gaisa da wani mai raƙumi, ya tsaya ya yi cinikin zabi. Ni kuwa ina bisa buhuna ina jan duk addu'ar da na iya. Da muka kai mararrabar ƙauyenmu na diro tun motar ba ta gama tsayawa ba. Takalmin ofis ya ƙi tafiya a rairayi, na cire na riƙe a hannu, ƙasa tana ƙona ni, babban ma'aikacin gwamnati yana gudu kamar ɓarawon akuya.

Jakin kawu na fara gani a ƙofar gida, ko mangalar ba a sauke masa ba. Har na ji sanyi a raina, na ce yanzu ya iso. Ina sa ƙafa a zaure na ji ihun.

Ban taɓa jin mahaifiyata ta ɗaga murya ba tun da nake. Matar da aka ce ko wurin haihuwa ba a ji nishinta ba, ita ce ke birgima a tsakar gida tana kiran sunan Allah, ta dafe fuska da hannu biyu. Ƙanwata tana tsaye da gashin kaza a hannu, ta bushe a wurin. Na finciko hannuwan Inna don in ga wane ido ne, ina fata na hagun ne, wanda ya riga ya mutu.

Na dama ne.

Daga baya ƙanwata ta ba ni labarin yadda aka yi. Kawu ya miƙa ƙunshin ya ce ga saƙo daga gidan ɗanki. Ta ɗaga kwalbar a rana, ta sa albarka. Bakin kwalbar yana ƙanshin man shanun da ya zauna a ciki, ba wanda ya ji wani wari. Yara suka taru kowa yana miƙo yatsa, ta kore su, ta ce wagga ba ta baki ba ce, ta ido ce. Da ko yaro ɗaya ta bari ya lasa, ɗacin ya tona asiri. Ƙanwata ta tambaye ta da wane ido za a fara, ta ce, "Wancan ya riga ya tahi. Hwara da mai ran, kada shi ma shi bi ɗan'uwanai."

Kafin in ankara gida ya cika da mata. Wata ta watsa mata ruwa a fuska, sai ga farar kumfa tana tasowa a gefen idon tana gangarowa kumatu. Nan fa aka ja da baya ana salati. Wata tsohuwa ƴar bori, maƙwabciyarmu, ta ce, "Ku bar ta! Doguwa ce ta tohe ta, ga miyan nan kuna gani. A kira mai goge." Wata ta jawo wata mai jego ta ce a tatsa mata nono a idon. Wata ta kawo tozali. Ita kuwa Inna sai neman murza idon take da bakin zane.

Ni dai muryar ɗan gajeren mutumin nan kawai nake ji a kaina. Na zauna a ƙasa, na ɗauki kan mahaifiyata na ɗora a cinyata. Matan suka zuba mini ido, don wannan abu ne da ba a taɓa gani ba. Na ce ƙanwata ta riƙe mata hannuwa, a miƙo mini butar alwala. Na karkata kanta yadda ruwan zai bi ta wajen kunne, na sa yatsu na buɗe fatar idon da ƙarfi, na fara tsiyaya. Idon ya yi ja kamar garwashi. Duk da azabar da take sha, da ta gane cinyar wa take kai, sai ta shiga ƙoƙarin juyar da fuska, tana cewa, "Ku ɗauke yaron ga daga kaina."

Na ce, "Inna, buɗe ki dube ni. Don Allah ki dube ni, kada ki ruhe."

Buta ta ƙare, aka cika, ta ƙare, aka cika. Randa ɗaya ta tafi, muka shiga ta biyu, kumfar ba ta daina fitowa ba. Ku tuna bazara ce, rijiyar garinmu kuwa mai zurfi ce, ruwan da ke randunan nan tun asuba mata suka sha wuyar jawo shi. Kawu ya matso ya ce, "Kai yaro, ruwan gidan ga duka za ka ɓarar? Ai ya isa haka nan."

Na ɗago na daka masa tsawa, ni da ko inuwarsa ba na takawa. Na ce, "Ko rijiyar ce a kwashe ta! Dahi ne, Kawu, dahi ne kak kawo, ba zuma ba!"

Har yau in na tuna yadda fuskar dattijon nan ta koma sai in ji ba daɗi. Ya juya ya ɗauki tulu da kansa, namiji da furfurarsa, ya nufi gidan maƙwabta. Da mata suka ga haka kowace ta ruga gidanta. Ƴar borin nan ma, da ta ga ba mai sauraronta, ita ta fi kowa kawo ruwa. Hannuna ya gaji wata ta karɓi butar, ni ina riƙe da idon. Ba mu daina ba sai da rana ta yi sanyi, tsakar gida ta zama taɓo, ruwan da ke gangarowa ya koma garau.

Washegari muka ɗora ta a jaki zuwa bakin hanya, muka kai ta likita a Dogon Dutsi. Ma'aikacin da ya duba ta ya tambayi abin da muka sa mata, na ce ruwa kawai. Ya ce ruwan ne ya hana idon lalacewa gaba ɗaya, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Aka sa magani aka ɗaure. Muka yi ta jira. Ranar da aka kwance, baƙin idon ya yi hazo-hazo kamar an shafa masa nono. Tana bambance rana da dare, in mutum ya tsaya a bakin ƙofa ta san akwai mutum, amma ba ta san ko wane ne ba sai ya yi magana. A haka ya tsaya har ƙarshen ranta.

Da labari ya kai ofis, na ɗauka shugabanmu zai tashi garin da faɗa. Ashe ba haka ba. Ya sa aka sayo kwaɗo aka rufe bidon a kabad, ya ɗauki jan fenti ya zana ƙoƙon kan mutum a jikinsa. Abokin aikina kuwa, ƙato da shi, ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin da Inna ke jinya yana kuka kamar yaro.

A ƙauye magana ta fara yawo cewa ƴar birni ta yi wa uwar mijinta sammu. Matata ta daina cin abinci, ta rame ta yi baƙi. Inna ce da kanta ta kashe maganar. Ta sa aka kira ta gaban mata, ta lalubo hannuwanta, ta ji yadda fatar ta saɓule, ta ce, "Ku taɓa ku ji. Mai sammu na hwara cin nata? Yarinyar ga ba ta maido min kwalba wayam ba, ba ta buɗe baki gaban surukinta ba. Wace cikinku ta koya wa ɗiyarta abin da ya hi haka?"

Wannan shi ne abin da har yau yake girgiza ni. Na yi shekaru ina neman mugu a labarin nan ban samu ba. Abokina tausayin matarsa ya ji. Matata ladabi ta yi. Kawu amana ya kai. Inna ta hana yaran lasa ne don ta darajanta abin da ɗanta ya aiko. In ka cire ɗibar farko da aka yi daga bidon, kowa abin da aka koya masa na kirki ya yi, kalma ɗaya ce kawai ba ta bi kwalbar ba. An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na yarda, amma tsautsayin nan a kwalbar man shanu aka ba shi masauki.

Shi ya sa jikokina ke ce mini tsoho mai fitina. In na shiga gida na ga an zuba ruwan wanki ko maganin ƙwari a gorar ruwan sha, ba na tambayar mai shi, ɗauke ta nake yi, a yi fushi a huce. Abin da ba na ciki ba ne kada ya kwana a mazubin abinci, in kuwa za ka ba wani, ka faɗa masa da bakinka ko da sarkin garinku ne. In ya shiga ido, ruwa, ba nono ba, ba tozali ba.

Mahaifiyata ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. Ta koma saƙar faifanta da lalube, sai dai launukan ƙanwata ke zaɓar mata. Abin mamaki, tun da idon ya tafi kunyar ta ragu, har takan bar ni in zauna a bakin tabarmarta. Maganar ranar nan kuwa ba mu taɓa tayar da ita ba, sai wata rana da yamma, ta tsufa sosai, tana saƙa, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Ashe kana da tabo bisa gira."

Na ce, "E, Inna. Jaki ya ka da ni ina yaro."

Ta ce, "Na sani. Ni nid daka maganin, nib ba kakarka ta shahwa maka. Amma ban taɓa ganinai ba sai ran nan. Da ruwan ya yi ta zuba, idon ya ɗan washe, sai nig ga huskarka dab da tawa. Tun da nih haihe ka ban taɓa dubanka haka ba." Yatsunta suna ta aiki. "Huskokin mutane duk sun dushe min, har ta ubanka. Taka ɗai ta rage. Amma kullum in ta zo min, kuka take. Yi min dariya in ji, ko na samu in canza ta."

Na buɗe baki in yi mata dariyar. Ba ta fito ba.